Yadda Baƙo Zai Zaɓi Gidan Cin Sushi a Japan

Duk wanda ya sauka a Tokyo ko Osaka da niyyar ɗanɗana sushi a ƙasarsa ta asali, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne yawan wuraren da ake sayar da shi da kuma girman ratar da ke tsakanin farashinsu. A titi ɗaya za a iya samun wurin da ake cin loma biyu a kan kimanin yen 120, a kuma sami wata 'yar ƙofa da ko allon suna ba ta da shi, wadda zama ɗaya a bayanta yake lashe yen 30,000. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ingancin kifi ne kaɗai ya raba wuraren nan biyu. Ingancin kifi yana ciki, amma abin da na lura da shi, wanda kuma a kansa na gina wannan jagora, shi ne cewa gwargwadon tsadar wuri, gwargwadon yadda mai ci yake miƙa wa mai haɗawa ragamar abin da zai shiga bakinsa. Wannan batu yana da nauyi ga wanda bai saba da ɗanyen kifi ba, ya kuma fi nauyi ga Musulmin da yake kiyaye abin da yake ci.

Sushi dai shinkafa ce da aka dafa aka gauraya da ruwan khal da sukari da gishiri, wadda masu sana'ar suke kira shari, sannan a ɗora mata wani abu a kai, wanda suke kira neta. Idan aka dunƙule ta da hannu aka shimfiɗa yankan kifi a samanta, ita ce nigiri. Idan aka naɗe ta cikin busasshen ganyen teku aka yayyanka, ita ce maki. Yankan ɗanyen kifi da aka kawo ba shinkafa sunansa sashimi, kuma shi abinci ne dabam.

Mataki na farko: a warware batun halas kafin a bar masauki

Kifin kansa ba shi da matsala, domin a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi dabbobin teku halas ne, har da jatan lande da ƙaguwa da sauran halittun da ba mu san su a kogunanmu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan haɗi. Japanawa suna girki da sake, wato giyar shinkafa, da kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100. A manyan gidajen sushi ba a barin baƙo ya tsoma lomarsa a shoyu, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya; mai haɗawa ne yake shafa wa kowace loma wani haɗi mai suna nikiri, wanda shoyu ne da aka tafasa tare da sake ko mirin. Haka nan miya mai kauri da zaƙi da ake shafa wa anago, wani dogon kifin teku da ake dafawa, da wainar ƙwai mai zaƙi da ake kira tamago, da soyayyar awarar da ake cusa wa shinkafa a kira ta inari, duk galibi da mirin ake yin su. Shi kansa shoyu yana samar da ɗan ƙanƙanin barasa a lokacin da ake tsima shi, wasu kamfanoni ma sukan ƙara masa don kada ya lalace, kuma jan ruwan khal da wasu gwanaye suke alfahari da shi, mai suna akazu, daga dusar sake ake yin sa.

Malamai sun yi bayani a kan ruwan khal da ya rikiɗe daga giya da kuma abin da ya ƙone a dahuwa, kuma fatawa ba aikina ba ce. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne ya tambayi malaminsa tun yana gida, ya san iyakarsa, domin lokacin da aka ajiye masa loma a gabansa ana kallonsa ba lokacin fara wannan tunani ba ne. Wanda ya ɗauki matsaya mai tsauri, ya nemi gidajen da suke da takardar shaidar halas. Akwai irinsu a unguwar Asakusa ta Tokyo, kuma 'yan'uwa Musulmi da ake haɗuwa da su a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara sun fi kowa sanin wanda yake buɗe a lokacin. Wanda kuma damuwarsa ta tsaya a kan mirin da sake da naman alade, zai iya sayen ƙaramar kwalbar shoyu mai tambarin halas ya riƙe a jaka, ya zaɓi wurin da shi ne yake zuba wa kansa kayan ɗanɗano. Jimlar da za ta yi masa amfani ita ce “Mirin wa haitte imasu ka?”, ma'ana ko akwai mirin a ciki, kuma ya tambaya har game da shinkafar, domin wasu gidajen sukan ɗiga mata.

Mataki na biyu: a san ire-iren gidajen

Wanda bai taɓa cin sushi ba, shawarata ita ce ya fara da kaiten-zushi, wato gidan da faranti ke zagayawa a kan bel a gaban masu ci. Wani ɗan kasuwa mai suna Yoshiaki Shiraishi ne ya buɗe irinsa na farko, Genroku Sushi, a Higashiosaka a shekarar 1958, bayan ya ga yadda kwalabe suke tafiya a kan bel a wata masana'anta, kuma baje kolin duniya da aka yi a Osaka a 1970 ya ƙara yayata tsarin. Yau manyan kamfanoni irin su Sushiro da Kura Sushi da Hama Sushi da Kappa Sushi suna da ɗaruruwan rassa a faɗin ƙasar. Ana zaɓar abinci ta allon taɓawa mai hotuna, wanda a yawancin rassa ake iya juya shi zuwa Turanci, farashin kowane faranti a bayyane yake, kuma yen 1,500 zuwa 2,500 yakan ƙosar da mutum ɗaya. Tun daga 2023, bayan da bidiyon wasu samari masu wasa da abinci da kayan teburi ya tayar da ƙura, wurare da dama sun rage ɗora abincin da ba a nema ba a kan bel, sai dai a turo wa kowa abin da ya zaɓa kai tsaye, wanda hakan ma ya fi, domin loma takan iso ba ta sha iska ba.

Alfanun wannan wuri shi ne mutum yana da cikakken iko. Yana iya farawa da dafaffen jatan lande, da naɗin kokwamba da ake kira kappa maki, da wanda aka babbaka samansa da wuta, wato aburi, kafin ya gwada jan naman kifin tuna ɗanye, kuma idan wani abu bai yi masa ba asarar ba ta wuce kuɗin faranti ɗaya ba. Abin lura shi ne waɗannan kamfanoni suna sayar da taliyar ramen da sushi mai nama a kai, kuma sau da yawa da alade a cikinsu, don haka a tsaya a kan kifi. Akwai kuma wani ƙaramin famfo a kowane teburi da ya kamata ɗan Hausa ya san da shi tun kafin ya zauna. Na taɓa shiga da wani ɗan'uwa wanda, bisa kyakkyawar al'adarmu ta wanke hannu kafin cin abinci, ya miƙa tafinsa zai danna baƙin maɓallin da ke ƙarƙashin famfon, sai da na yi sauri na riƙe masa hannu. Tafasasshen ruwa ne yake fitowa daga nan, na haɗa shayi: ana zuba garin koren shayi a kofi, a tura kofin jikin maɓallin. Hannu kuwa da jiƙaƙƙen tawul ko takardar da aka ajiye ake goge shi.

Ƙasa da wannan a farashi akwai sushin da ake shiryawa cikin kwali a manyan kantunan kayan masarufi da kuma a depachika, wato kasuwar abinci da ke ƙarƙashin ƙasa a manyan shaguna irin su Isetan da Mitsukoshi. Na depachika yakan yi kyau ƙwarai, kuma da yamma, idan an kusa tashi, ma'aikata sukan manna takardar ragi, wani lokaci har rabin kuɗi. Kowane kwali yana ɗauke da jerin kayan haɗi da lokacin da ya kamata a cinye shi, wanda manhajar fassara ta waya za ta iya karantawa. Sharaɗi ɗaya ne: a ci da wuri, kada a yi yawo da shi a jaka cikin zafin Yuli da Agusta.

Sai tachigui, wurin da ake ci a tsaye, galibi kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Nan mutum ne yake haɗawa a gabanka, ba inji ba kamar a manyan kamfanonin kaiten-zushi, kana faɗar abin da kake so bibbiyu, ka gama cikin minti 20 ka ba wani wuri. Wannan tsari shi ya fi kusa da asalin nigiri, wadda ta fito a birnin Edo, Tokyo ta yau, a shekarun 1820 a matsayin abincin gefen hanya, kuma ake danganta ta da wani mai suna Hanaya Yohei. Ya dace da mutum ɗaya ko biyu, bai dace da iyali ko mai kaya niƙi-niƙi ba.

Wurin da na fi ƙauna, wanda kuma baƙi suka fi tsallakewa, shi ne gidan sushi na unguwa. Yawanci ƙaramin shago ne mai ɗan guntun labule a ƙofa, da kanta mai kujeru takwas ko goma, da teburi biyu ko uku, maigida yana yanka kifi, uwargida tana kawo shayi da romo. Da rana sukan sayar da haɗaɗɗen faranti a hawa uku, wanda ko dai a kira su nami da jo da tokujo, ko kuma ume da take da matsu, daga mai sauƙi zuwa mai tsada, kuma daga yen 1,500 zuwa 4,000 mutum zai ci aikin hannun wanda ya shekara talatin yana sana'ar. A nan ne ake fara gane bambancin shinkafar da inji ya dunƙule da wadda hannu ya dunƙule: ta hannu tana da ɗumi kamar na jikin mutum, tana riƙe kanta idan an ɗaga, tana kuma warwarewa da zarar ta taɓa harshe. A nan kuma ana iya magana da maigida a ce kada ya shafa komai a kai, ya yarda ba tare da ɓacin rai ba.

Gidajen da ke kasuwannin kifi suna da nasu armashi. An mayar da babbar kasuwar sari ta Tokyo daga Tsukiji zuwa Toyosu a watan Oktoba na 2018, amma kasuwar waje ta Tsukiji tana nan da shagunanta. Da sassafe ake zuwa, layin fitattun wurare yakan ɗauki sa'o'i, kuma suna ya sa farashi ya hau. A ganina wanda kwanakinsa a Japan ƙidayayyu ne ya fi kyau ya zaga kasuwar ya sha kallo, ya ci a shagon da ba shi da dogon layi. Izakaya kuwa, ko da an ga sushi a jerin abincinta, mashaya ce da ake cin abinci a cikinta, ana kuma cajin kuɗin zama ta hanyar wani ɗan abin taɓawa da ake kawowa ba a nema ba, mai suna otoshi. Wanda sushi ya fito nema ba shi da abin yi a can.

A ƙololuwa akwai gidajen omakase, kalmar da take nufin “na bar maka zaɓi”. Babu jerin abinci, babu kwalbar shoyu a gabanka. Gwanin yana ajiye loma ɗaya bayan ɗaya, kimanin 15 zuwa 20, bisa tsarin da ya ga dama, kuma kuɗin yakan kama daga yen 20,000 zuwa 40,000 ko fiye. Abin da ake saya a nan shi ne aikin da aka yi wa kifin kafin ya iso kanta: wani an jiƙa shi a gishiri da ruwan khal, wani an kwantar da shi tsakanin ganyen teku, wani an ajiye shi kwanaki har ɗanɗanonsa ya nuna. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Sukiyabashi Jiro da ke Ginza, mai kujeru 10, inda Firayim Minista Shinzo Abe ya kai Shugaba Barack Obama na Amurka a watan Afrilu na 2014, wanda kuma aka cire daga kundin Michelin, mai tantance fitattun gidajen abinci, a 2019 saboda ya daina karɓar baƙi daga gama-garin jama'a. Ina girmama wannan sana'a matuƙa, amma ba na ba wa sabon shiga shawarar ya fara da ita, domin mayar da loma a irin wannan wuri cin fuska ne ga mai haɗawa, kuma kusan kowace loma da nikiri take zuwa.

Mataki na uku: a auna aljihu, da abokan tafiya, da lokaci

Idan da yara ko tsofaffi ko wanda ba ya son ɗanyen abu, kaiten-zushi ne mafita, domin akwai teburin iyali da dafaffen abinci iri-iri. Mai juna biyu da wanda jikinsa ba ƙarfi su tsaya a kan dafaffe ko'ina aka je. Akwai wata tsutsa mai suna anisakis da ake samu a wasu kifayen teku, kuma ma'aikatar lafiya ta Japan ta bayyana cewa ruwan khal da gishiri da wasabi, koren yajin da ake sa wa sushi, ba sa kashe ta, sai dahuwa ko daskarewa a ma'aunin sanyi 20 ƙasa da sifiri na aƙalla sa'o'i 24. Wanda ya ji matsanancin ciwon ciki 'yan sa'o'i bayan cin ɗanyen kifi ya tafi asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Game da kuɗi, babbar dabara ita ce cin rana. Gida ɗaya, gwani ɗaya, kifi ɗaya, amma farashin rana yakan zama rabin na dare ko ƙasa da haka. A kuma tuna cewa kasuwar Toyosu ba ta ci ranar Lahadi da wasu ranakun Laraba, shi ya sa ƙananan gidaje da yawa suke rufewa a waɗannan ranaku.

Mataki na huɗu: a karanta wuri tun daga ƙofa

Idan an rataye labulen ƙofa, shago a buɗe yake. Idan an shigar da shi ciki, an tashi. Wurin da ya kafa allon farashi a waje yana maraba da mai wucewa, wanda kuwa babu farashi ko kaɗan, a ɗauka cewa mai tsada ne kuma sai da alƙawari. A cikin jerin abinci, kalmar jika tana nufin farashin kasuwa na ranar, kuma ba abin kunya ba ne a tambayi nawa ne kafin a nema. Da an leƙa ciki, hanci ne alƙali na farko: gidan kirki ƙamshin shinkafa da ruwan khal yake yi, ba ƙarnin kifi ba. A dubi tsaftar katakon yanka da yadda maigida yake goge wuƙarsa, a kuma duba ko mutanen unguwa ne suka cika kujerun. A guji wanda ya tsaya a titi yana jan hannun masu wucewa da dare. Wanda zai duba intanet ya sani cewa a shafin Tabelog, wanda Japanawa suka fi amfani da shi, masu ba da maki suna da rowa, don haka wurin da ya sami 3.5 cikin 5 ya riga ya shiga sahun masu kyau.

Mataki na biyar: kama wuri

Kaiten-zushi da tachigui ba sa buƙatar alƙawari, sai dai a ɗauki lamba a jira. Gidajen omakase kuwa sai an kama kujera makonni, wani lokaci watanni, kafin ranar, ta hannun ma'aikatan otal ko ta shafuka irin su TableCheck, kuma wasu ba sa karɓar baƙon da wani tsohon abokin cinikinsu bai gabatar ba. A wannan lokaci ne ake faɗar abin da ba a ci, a rubuce, a jira amsa; idan sun ce ba za su iya cire mirin da sake ba, gaskiya suka faɗa, sai a nemi wani wuri. Lokaci a nan ba ya karɓar uzuri, domin sau da yawa dukan baƙi tare ake fara musu, kuma wanda ya fasa zuwa a ranar yakan biya kuɗin gaba ɗaya, tunda an riga an sayi kifinsa tun da asuba. Abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye shi ne turare. Mu mutane ne masu son ƙamshi, amma a kanta mai kujeru takwas turaren wuta da ya kama riga ko humra mai ƙarfi yana danne ƙamshin abincin kowa, har wasu gidaje sukan rubuta hani a kansa, don haka a ranar a sa tufafin da ba a turara ba.

Mataki na shida: a bi gari da yanayi

Sushi ba Tokyo kaɗai ba ne. A Hokkaido da Kanazawa da Toyama, inda teku yake kusa, kaiten-zushi na gida yakan kere gidajen tsakiyar Tokyo masu ninkin farashinsa. Osaka tana da sushin da ake dannawa cikin akwatin katako, Kyoto tana da sabazushi na kifin saba da aka jiƙa a gishiri da ruwan khal, Nara kuma tana naɗe nata cikin ganyen wani itace da suke kira kaki. Kifi ma yana da lokacinsa: buri da hunturu, sanma da kaka, katsuo da bazara da kuma kaka. Kifin salmon da baƙi suka fi sani sabon shiga ne, wanda ƙasar Norwe ta tallata wa Japanawa tun daga shekarun 1980, saboda haka kada a yi mamaki idan tsohon gida mai bin al'adar Edo ya ce ba ya ajiye shi.

Mataki na bakwai: zama, ci da biya

Cin nigiri da hannu daidai ne a al'adarsu, don haka wanda bai iya tsinkayen cin abinci ba ya yi bisimilla ya sa hannunsa na dama. Ana juya lomar a taɓa gefen kifin a shoyu, domin shinkafar tana shan ruwa ta wargaje, a kuma sa ta baki gaba ɗaya da zarar an ajiye, tun ɗuminta bai tafi ba. Wasabi, koren yajin nan mai hawa hanci, yana ɓoye tsakanin kifi da shinkafa. Wanda ba ya so ya ce “sabi-nuki”. Yankakkiyar cittar da ke gefe, wadda suke kira gari, ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi.

Idan an ƙoshi sai a ce “okaikei onegaishimasu” don a kawo lissafi. Ba a ba da tukuici a Japan, kuma wanda ya bar canji a teburi za a iya bin sa da shi har titi. Harajin saye kashi 10 cikin 100 ne ga wanda ya ci a wurin, kashi 8 ga wanda ya tafi da abincinsa, tun daga Oktoban 2019, kuma a duba ko farashin da aka rubuta ya haɗa da shi. Ƙananan gidajen unguwa da dama tsabar kuɗi kawai suke karɓa, don haka a shiga da takardun yen a aljihu. Kafin a ɗaga labule a fita, a dubi maigida a ce “gochisosama deshita”, wadda ita ce godiyar da suke yi wa wanda ya ciyar da su.